Madubin hangen nesa da mafarauci mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya nema

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana mafarauta, musamman matasan da suka shigo harkar ba da daɗewa ba, a kan wani kayan aiki da ake rainawa wajen saye, sai an shiga daji a yi da-na-sani, wato madubin hangen nesa mai ido biyu. Na daɗe ina lura cewa mutum zai yi watanni yana tara kuɗin bindiga, ya tambayi wannan ya tambayi wancan kafin ya biya, amma da an zo kan madubi sai kawai ya miƙa hannu ya ɗauki wanda aka rubuta wa lamba mafi girma a jiki, ya tafi yana murna ya yi sa'a. Ni ma haka na yi da farko, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Madubin da na fara saye an rubuta masa 10-30x50, yana da ɗan hannu da ake turawa ya ƙara kusanto da abu, gilasansa na gaba kuwa jajaye ne jawur suna ƙyalli. Da tsakar rana na gwada shi a bakin shago, na hango allon da ke can ƙarshen titi kamar in miƙa hannu in taɓa, ban ko tsaya taya ciniki da kyau ba. Ranar da na fita da shi da asuba na gane abin da na saya. Duk inda na duba sai duhu-duhu mai launin kore, hoton yana ta rawa kamar ganye a iska, kafin hantsi kuma kaina ya ɗauki ciwo tun daga tsakanin girata har ƙeya. A fita ta uku yayyafi ya same ni, tururi ya kwanta a cikin gilashin ta inda ƙyalle ba ya kaiwa, daga baya fumfuna ta fito masa kamar yanar gizo-gizo. Kuɗin da na yi zaton na rage, sai da na biya shi sau biyu.

Asarar kuɗi kaɗai ba za ta sa in ɗauki alƙalami ba. Wata rana dab da faɗuwar rana, bayan na sami madubi na kirki, ina zaune a gindin wata bishiya sai na ga wani abu mai launin ƙasa yana motsi a cikin sarƙaƙiya, nisansa bai wuce mita 150 ba. Tsayinsa, launinsa, yadda yake sunkuyawa yana ɗagowa, duka na barewa mai kiwo ne, har zuciyata ta fara bugawa. Na ajiye bindiga a cinya, na ɗaga madubi, na murza saitin a hankali, sai ga gwiwar hannun mutum, sai ga wuyan riga, sai ga yaro matashi a duƙe yana ɗaure itace. Na daɗe zaune a wurin ban iya tashi ba. Tun daga ranar na daina ɗaukar madubi a matsayin kayan ƙawa, domin shi ne yake tsakanin zato da tabbas, harsashi kuwa idan ya fita ba ya jin kira. Wasu suna cewa ai suna da madubin saiti a kan bindiga, ya ishe su dubawa. Wannan babban kuskure ne, domin duk abin da ka leƙa ta madubin kan bindiga, bakin bindigar ka riga ka nuna masa tun ba ka san ko mene ne ba. Da madubin hannu ake tantancewa: mutum ne ko dabba, dabbar gida ce ko ta daji, namiji ne ko mace mai shayarwa, irin da doka ta halatta ne ko wanda ta hana, sannan mene ne a bayan dabbar idan harsashi ya wuce ta. To, irin wannan tantancewa yawanci da sassafe ko da almuru take faɗowa, lokacin da namun daji suka fi fitowa, haske kuma ya fi ƙaranci. Saboda haka duk shawarata a kan haske za ta ta'allaƙa.

Kowane madubi yana ɗauke da lambobi biyu, kamar 8x42. Ta farko ita ce yawan kusantowa: dabbar da ke nisan mita 400 za ka gan ta kamar tana mita 50 idan lambar 8 ce, kamar tana mita 40 idan 10 ce. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne da milimita, wato ƙofar da haske yake shigowa. Masu talla sun san ido kan lamba ta farko yake faɗawa, shi ya sa suke kumbura ta, alhali duk abin da ta ba ka da hannun dama tana karɓe wani da hagu. Madubin da ya ninka girman dabba sau goma sha biyu, haka zai ninka rawar hannunka sau goma sha biyu, ga shi mafarauci ba a kan kujera yake kallo ba, sau da yawa ya hau tudu yana haki. Abin da ya haura 10, mafi yawan mutane ba sa iya riƙe shi tsam sai da mazauni mai ƙafa uku. Bayan haka filin kallo yana tsukewa: madubin 8x42 na yau da kullum yana nuna faɗin wajen mita 130 zuwa 140 a nisan mita 1000, na 10x42 kuwa yakan tsaya wajen mita 105 zuwa 115. Wanda ya taɓa neman dabbar da ta zabura a cikin kurmi ya san amfanin waɗannan mitocin da suka ragu.

Lissafin da nake roƙon kowane mai saye ya riƙe a ka bai fi na ɗan firamare ba: ka raba lamba ta biyu da ta farko. Abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa zuwa idonka, kuma kana iya ganinsa ƙuru-ƙuru idan ka riƙe madubin nesa da fuska ka fuskanci sarari, zai bayyana kamar ɗan farin wata a tsakiyar gilashin ido. A 8x42 milimita 5.25 ne, a 10x42 milimita 4.2, a 10x50 milimita 5, a 7x50 ya ɗan haura 7, a ɗan ƙaramin nan na aljihu 10x25 kuwa 2.5 kacal. Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci yana cikin halittar ido. Ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana tsukewa da rana zuwa milimita 2 ko 3, tana buɗewa a duhu har wajen milimita 7 ga matashi, ga wanda shekaru suka ja kuma takan tsaya kusa da 5. Ka ga ke nan da tsakar rana kowane madubi gwani ne, har da na banza, tunda ido ba ya buƙatar fiye da ɗan tsirit. A nan ne mai saye yake ruɗuwa a bakin shago, kamar yadda na ruɗu. Da rana ta yi ƙasa idonka ya buɗe yana neman haske, ɗigon milimita 2.5 ba zai cika shi ba, sai ka ga inuwa ta haɗe da dabba sun zama abu guda. Gilashi mai faɗin 42 yana tara haske kusan ninki uku na mai faɗin 25. Haka kuma dattijo bai kamata ya wahalar da wuyansa da 7x50 ba, domin hasken da ya wuce faɗin ƙofar idonsa a gefe yake zubewa.

Idan aka tambaye ni kai-tsaye, amsata 8x42 ce ga mafi yawan mafarauta. Wanda farautarsa a fili fetal take, inda ido ke cin nisa, kuma hannunsa ba ya rawa, ya ɗauki 10x42. Mai zaman kwanto a wuri ɗaya har duhu ya fara, wanda ba ya yawan tafiya, 10x50 ko 8x56 za su yi masa, in dai ya yarda da nauyinsu. Mai yini yana tafiya da rana kuma 8x32 ba zai ba shi kunya ba.

Sai dai madubi biyu suna iya ɗaukar lamba iri ɗaya, ɗaya ya nuna maka gashin kunnen dabba, ɗayan ya nuna maka dusu-dusu, bambancin kuwa yana cikin abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe. Duk fuskar gilashin da ba a yi wa shafe ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, a cikin madubi ɗaya kuma akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye, don haka kafin haske ya iso ido fiye da sulusinsa ya salwanta, wanda ya ɓace ɗin kuma yana ta yawo a ciki yana dusashe hoto. A 1935 ne Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya fito da dabarar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan asara, yau kuma ana jera shafen hawa-hawa. Abin da mai saye zai nema shi ne wanda aka yi wa dukan fuskokinsa shafe mai hawa da yawa, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan FMC. Yana da sauƙin ganewa: ka karkata gilashin gaba a ƙarƙashin fitila, idan ka ga ƙyalli mai rauni, kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kana kuma hango cikin madubin, alama ce mai kyau, idan kuwa ka ga fuskarka fes kamar madubin ɗaki, ko ja mai walƙiya irin nawa na farko, to hasken da ya kamata ya shiga idonka ne yake dawowa waje.

Akwai kuma dunƙulen gilashi mai kusurwoyi a ciki, wanda aikinsa shi ne miƙar da hoton da gilashin gaba ya kifar. A nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake da wata dama da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙira iri biyu ce. Akwai tsohuwar ƙira mai faɗin kafaɗa, wadda gilasan gaba suka fi na ido tazara, ana kiranta Porro da sunan Ignazio Porro, mutumin Italiya da ya yi rajistar dabarar a 1854, kamfanin Zeiss kuma ya fara sayar da irinta a 1894. Akwai kuma ta zamani mai miƙaƙƙen jiki kamar bututu biyu a jere, wadda ta fi kyan gani, ta fi daɗin riƙo, ta kuma fi sauƙin toshewa daga ruwa. Matsalar miƙaƙƙiyar ita ce haɗa ta yana buƙatar ƙwarewa mai tsanani, dunƙulenta yawanci yana buƙatar shafe irin na madubin ɗaki a fuska ɗaya, da wani shafe na musamman mai gyara tafiyar haske wanda bai shigo kasuwa ba sai a ƙarshen shekarun 1980. Idan aka tsallake waɗannan don a rage farashi, hoton ya kan yi laushi. Porro ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka idan kuɗinka kaɗan ne ƙwarai, Porro mai sauƙin kuɗi takan fi miƙaƙƙiya mai irin kuɗinta haske da kaifi, tana kuma ƙara nuna zurfi, ka bambance abin da ke gaba da wanda ke bayansa. Aibinta girma, da saurin gocewar saiti idan ta faɗi. Ni dai na fi son in ɗauki mummunan madubi mai gani da in rataya kyakkyawa makaho. Game da irin gilashin dunƙulen, a nemi wanda aka rubuta BaK-4, a kuma tabbatar da ido: ɗigon hasken nan da na ambata ya kasance zagayayye sumul, idan gefunansa sun yi dishi-dishi kamar an yanke shi kusurwa huɗu, to BK-7 ne mai rahusa. Gilashin ED mai rage jirwayen launi a gefen abu yana da kyau, amma kada a fasa saye don babu shi.

Ruwa da ƙura ba su da sabo da kowa. A nemi wanda aka toshe mahaɗansa da zoben roba aka kuma cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon, domin busasshiyar iska ce da ba ta barin tururi ya kwanta a ciki idan an fito daga ɗumi zuwa sanyi. Rufin roba a waje kariya ce daga bugu kawai, ba shi ne shaidar hana ruwa ba.

Yanzu sai gwaji, domin gani ya kori ji, kuma madubi ba abin da ake cinikin biri a sama da shi ba ne. Wanda zai iya, ya je da yamma liƙis, ya nemi izinin fitowa da shi ƙofar shago, ya duba ƙarƙashin bishiya ko wani lungu mai inuwa maimakon sararin sama. Ya fara daidaita tazarar bututun biyu har da'ira biyu su zama ɗaya. Sannan ya rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ya saita na hagu da abin murzawa na tsakiya, ya koma ya rufe na hagu ya saita na dama da zoben da ke jikin gilashin ido. Mutane da yawa suna shekaru da madubi ba su san amfanin zoben nan ba, alhali shi ne yake cike bambancin ƙarfin idanu biyu. Daga nan sai gwajin da ya fi kowanne: ya saita kan wani miƙaƙƙen layi mai nisa, kamar bakin rufin gini ko wayar lantarki, ya janye madubin daga fuskarsa sannu a hankali kamar tsawon tafin hannu yana ci gaba da kallo. Idan layin ya tsaya daidai a ɓangarorin biyu, lafiya lau. Idan ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, bututun sun saɓa, ƙwaƙwalwa ce za ta yi ta kokawar haɗa hoton, wannan ne ciwon kan da na sha. A ajiye shi ko da kyauta ne. Abin murzawar ya kasance yana tafiya sumul ba sako-sako ba, mahaɗar tsakiya kuma ta riƙe inda aka bar ta. Mai sanya tabarau ya nemi wanda tazarar ido da gilashi ta kai milimita 15 ko 16 zuwa sama, mai kofunan ido da ake murɗawa su sauka, in ba haka ba zai riƙa gani kamar ta cikin kara. A ƙarshe ya rataya shi a wuya ya ɗan zaga, domin 8x42 yakan kai giram 650 zuwa 800, 10x50 kuwa yana tasam ma kilo guda, kuma madubin da ya yi nauyi ƙarshensa zaman jaka, wanda ke jaka kuwa ba ya ceton kowa a lokacin da ake buƙatarsa. Maɗauri mai faɗi, ko wanda ake sawa a kafaɗu biyu ya manne madubin a ƙirji, yana rage wannan wahala da kuɗi kaɗan.

Akwai nau'o'in da nake roƙon a yi nesa da su. Mai hannun ƙara kusantowa irin nawa na farko yana da ƙunƙuntar fili, yana duhu da zarar an tura shi sama, kayan cikinsa masu motsi kuma ba sa daɗewa a saiti. Wanda aka ce ba ya buƙatar saiti sam, idon mai shi yake bar wa aikin, na kusa kuma ba ya fita. Ƙananan nan da ake rubuta wa 60x60 ko abin da ya fi haka, ma'auni kawai za ka ɗora a gilashin gaba ka ga ƙarya, kuma ko da gaskiya ne ɗigon haskensa milimita 1 zai zama. Mai son ya gane ainihin kusantowar ya dubi bangon bulo da ido ɗaya ta madubi, ɗayan idon a buɗe, ya ƙirga bulo nawa ne suka shiga cikin guda ɗaya da aka ƙara wa girma. Haka nan duk madubin gilashi zalla da aka ce yana gani cikin dare, zance ne. Na'urar gani da dare aba ce dabam mai aiki da batir, ƙasashe da yawa ma sun taƙaita ko sun hana farauta da ita.

Ban ce kowa sai ya sayi Zeiss ko Leica ko Swarovski ba, waɗannan na masu hali ne. Kamfanoni irin su Nikon, Bushnell, Celestron da Vortex suna da jerin masu sauƙin kuɗi da za su yi wa mafarauci aiki shekara da shekaru, kuma tazarar da ke tsakanin na banza da matsakaici ta fi wadda ke tsakanin matsakaici da na ƙoli nesa ba kusa ba. A dai kula da jabu, a nemi takardar garanti, a tambayi sharaɗin mayarwa kafin a biya, musamman idan ta intanet za a saya inda babu damar gwaji. Na hannu ma ba laifi ba ne, tsohon madubin kamfani mai suna yakan fi sabo marar asali, muddin an haska fitila ta gilashin gaba an tabbatar babu fumfuna ko hazo a ciki, an kuma yi masa gwajin layin nan. Bayan an saya, kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar da ke kai yashi ce, tana kankare shafen da aka biya kuɗi dominsa; a hure ta tukuna sannan a share da ƙyalle mai laushi. Kada a bar shi a mota cikin zafin rana, kada a adana shi da danshi, kada kuma a kuskura a kalli rana da shi ko a bar yaro ya yi, domin yana iya ƙona ido nan take.

Ina kira ga masu sayar da waɗannan kaya da su riƙa barin mai saye ya fita da madubi waje ya gwada, ga manyan mafarauta kuma da su duba abin da yaransu suke ratayawa kamar yadda suke duba bindigoginsu kafin a fita. Wanda nake amfani da shi yanzu 8x42 ne marar wani ado, robarsa ta koɗe a inda babban yatsana yake zama, kuma duk matashin da zai bi ni daji, shi nake fara miƙa masa, sai ya gaya mini abin da ya gani a cikin inuwa dalla-dalla kafin in yarda yatsansa ya kusanci kunamar bindiga.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, mai karatunku a kullum.